Kawu Mai Tambayar Rashin Kunya

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa ban ji mutum ko ɗaya ya ce mai sauƙin hali ne ba, kuma na ji daɗin haka, don shi ko a cikin likkafani aka yi masa ƙarya sai ya yi tsaki. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, wannan kowa ya faɗa da ya sa ƙafa a gidansa na unguwar Gidan Dare. Abin da ya biyo baya ne ya bambanta. Maza a waje, in ji maigidana, sun yi ta yabon shekarun da ya yi yana haɗa magani a asibiti. Wani tsohon abokin aikinsa ya tuna ranar da Kawu ya kore shi daga ɗakin magani saboda ya shigo da maiƙon ƙosai a yatsu, ya fara ba da labarin da dariya, ya ƙarasa da share ido. A cikin gida kuwa wata tsohuwar ungozoma ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta face hanci ta ce duk faɗin Sakkwato ba namijin da ya taɓa sa ta jin kunya kamarsa. Mata suka kwashe da dariya cikin hawaye, don kusan kowace tana da nata labarin. Ka je karɓar maganin tari, ya leƙo ka ta saman tabarau, in mace ce ya tambaye ta abin da ko mijinta ba ya tambaya da rana tsaka.

Gwaggo, ƙanwar mahaifin maigidana, a mota aka kawo ta, aka tallabo ta har kan tabarma. Tsufa ya cinye ta, ido ya tafi, amma baki yana nan daram. Da aka yi mata gaisuwa sai ta ɗaga kai ta ce, "Shi kam na yahe mishi. Amma tambayatai, har gobe ban yahe ta ba." Yaran gidan suka dubi juna ba su gane ba. Ni na gane, don a kaina aka yi tambayar.

Ni ba marubuciya ba ce. Ɗan karatun bokon da na yi Kawu ne ya tsaya tsayin daka na yi shi, ya sha surutu a kai. Na ɗauki alƙalami ne don ina tsoron jikokinsa su tashi ba abin da suka sani game da shi sai cewa tsoho ne mai faɗa mai wasa da kara. Akwai kuma wani dalili da ba zan ɓoye ba. Yanzu haka 'yata ta fari tana kwance a ɗakina, da ƙaramin ciki da ba mu san ko zai tsaya ko zai zube ba. Hankalina a tashe yake, hannuna ba ya son zama haka nan. Abin da ya same ta shi ne ya taɓa samuna ina ɗauke da cikinta, sai dai a wancan karon akwai Kawu.

Wan mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na tashi. Gidanmu gidan malamai ne, 'yan'uwansa duk sun bi hanyar alƙalanci da karantarwa, shi kaɗai ya tafi Zariya ya koyo haɗa magani. Dogo ne siriri, ba ya cin goro, ba ya son a taɓa masa keke, kuma in yana karanta mujallun da ake aiko masa ta gidan waya, ko gobara ake yi sai ya kai ƙarshen layi. In wani ya ce masa ai magani magani ne, yakan dube shi kamar ya zagi iyayensa.

Wasan karan da ake yi masa dariya a kai ga yadda yake. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci yakan zauna gindin dogonyaro da karan dawa da 'yar wuƙa, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa, ya riƙa haɗa su da tsinke, kamar yadda yara ke yin motar kara. Maƙwabta har sun fara cewa karatun Nasara ya taɓa shi. Ni da nake gab da aure a lokacin, ni ce ɗalibarsa ta dole, don ni nake kai masa ruwa, in na kai kuwa ba tashi.

Ya ce mini kowane magani yana da sura, ƙanƙanuwa da ido ba ya gani, kuma surar nan ce ke aiki, ba launin ƙwayar ba, ba ɗacinta ba. Na farko da ya haɗa mini zobba biyu ne manne da juna, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, da 'yar jela a gefe. Ya ce sunansa sirotonin, kuma ba bature ne ya ƙera shi ba, jikin mutum ne ke yin abinsa. Yana cikin hanji, yana cikin jini, kuma ba a daɗe da gano shi a ƙwaƙwalwa ba. Sai ya kwaɓa laka, ya danna abin a ciki ya cire, ya nuna mini gurbin da ya bari. Ya ce a bangon jijiyar jini, da hanji, da mahaifa, da ƙwaƙwalwa akwai gurabu irin wannan. In mai zobba biyun nan ya zauna a gurbinsa, sai naman wurin ya amsa, jijiya ta tsuke, mahaifa ta matse. Na tambaye shi wa ya taɓa ganin gurbin. Ya ce ba kowa, daga aikin aka gane akwai shi, kuma masu binciken da kansu suna ta gardama ko iri ɗaya ne ko iri-iri. Kawu bai taɓa jin nauyin cewa ba a sani ba.

Sannan ya ɗauko manyan, masu zobba huɗu. Waɗannan ya ce daga wani baƙin ƙaho ake samunsu, wanda ke tsirowa a zangarniyar wani hatsi na ƙasar Turai. Ya sa yatsana ya bi da shi a jikin karan har na ga ashe zobba biyun nan da jelarsu suna ɓoye a ciki. Ya ce shi ya sa gurbin ke karɓarsu kamar 'yan gida. Dukkansu jiki ɗaya ne, jela ce ta raba su. Mai gajeriyar jela shi ungozoma ke yi wa mace allurarsa bayan haihuwa, mahaifa ta damƙe, jini ya tsaya. Mai doguwar jela mai nauyi shi ake ba mai ciwon ɓarin kai, ya tsuke jijiyoyin da suka buɗe suna bugawa. Akwai wani mai jela mai reshe biyu da ya ce ɗigonsa kaɗai yana sa mai hankali ya ga bango yana tafiya. Ya soka wa wannan gunduwa ɗaya tak a gefen zobe, ya ce to yanzu ba ya juya hankalin kowa, sai dai ya zauna a gurbin ya hana mai wurin zama. Ni dai mamaki ya ishe ni, gunduwar totuwa ɗaya tsakanin hauka da lafiya.

Don in nuna na gane sai na ce ashe ke nan na kai kai yake zuwa, na mahaifa ya tafi mahaifa. Wallahi sai da ya ɗana mini kara a bayan hannu.

"Ƙwaya ba ta san inda ka ciwo ba," ya ce. "Duk gurbin da tas samu ya yi mata daidai, nan za ta zamna. Na kai ma yana taɓa mahaihwa, ki riƙe wanga."

Na ce na riƙe. Yarinya ce ni, hankalina yana kan kayan ɗaki.

Aka kai ni Ƙofar Dundaye, gidan fataken hatsi. Mutanen kirki ne, ba abin da zan ce. Amma shekara ta bi shekara ban ko yi ɓatan wata ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini baƙar magana, sai dai duk sunan da aka yi a unguwa nakan dawo in shige ɗaki in ce kaina ke ciwo. Gwaggo, wadda aurenta ya mutu ta dawo gidan wanta da zama, ita ta ɗauke ni kamar 'yar cikinta. Ita ma ba ta taɓa haihuwa ba. Ta kai ni wurin malamai, ta jiƙa mini saiwoyi, ta yi faɗa da duk wadda ta dube ni sau biyu.

Gwaggo tana da ciwon ɓarin kai na gaske, irin wanda ke sa ta rufe ɗaki ta ɗaure kai da ɗankwali tana amai. Kawu ne ya sa likita ya duba ta, aka rubuta mata mai doguwar jelar nan, kuma shi da kansa ya ba ta 'yan ƙwayoyi kaɗan ya ja mata kunne cewa nata ne ita kaɗai. Ta ce to. Amma a garinmu wa ke jin wannan? Maganin da ya yi maka aiki, in ka ga ɗan'uwanka cikin wahala ka hana shi, ai ka zama marowaci, kuma mata suna ɗaukar ba da shi sadaka ce. Kowace tsohuwa da asibitinta a ƙulle a haɓar zani. Gwaggo ta ɗauki maganar Kawu a irin ƙa'idar ma'aikata da ake ji a bari a bakin ƙofa.

A daminar shekarar da aka samu 'yancin kai Allah ya dube ni. Na gane, Gwaggo ta gane, matan gidan duk sun gane, amma ba wadda ta furta. Cikin fari ba a maganarsa. Kunya ce, sannan ga tsoron baki, balle cikin da aka daɗe ana jira. Ko maigidana bai ji daga bakina ba, ya dai ga na daina shiga madafa in ana kaɗa miyar daddawa. Sai laulayin ya zo mini da ciwon kai mai tsanani, gefe ɗaya, kamar ana buga mini taɓarya. Gwaggo ta kasa jure ganina haka. Ta kwance haɓar zaninta ta ba ni, na sha, kan ya lafa, muka yi ta sa wa likita albarka. Da ciwon ya dawo ta ƙara ba ni. Ƙwaya ce 'yar ƙarama ba suna a jikinta, ba zobe ba jela, ina zan gane ita ce ta gindin dogonyaro? Bayan 'yan kwanaki marata ta fara murɗawa, yatsuna suka riƙa yin sanyi. Muka ce laulayi ne.

Da maganin ya ƙare Gwaggo ta aiki maigidana asibiti ya karɓo wani. Shi ya ba ni labarin abin da ya faru can. Kawu ya ce yaya aka yi ya ƙare da wuri haka, ciwon nata ya ƙaru ne? Maigidana cikin ladabi, kansa a ƙasa, ya ce a'a, ai tare suke sha da ɗiyarka, ita ma kan ya matsa mata, ga amai da safe. Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa ya tambaye shi kai tsaye. Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa, surukinsa ne fa, ya ce shi bai san zancen mata ba. Ya ce bai rufe baki ba Kawu ya cire farar rigar aiki ya haye keke, ya bar shi tsaye a gaban taga.

Rana ta take, ana tsakiyar aiki a gidan. Mata suna surfe, ana auna gero a zaure, surukina na zaune da baƙinsa daga ƙauye. Kawu ya yi sallama sau ɗaya bai jira a yi masa iso ba, ya ratsa zaure ya faɗo tsakar gida da kekensa a hannu. Mata suka watse suna neman mayafi. Ina zaune bakin ƙofar ɗakina riƙe da mara. Ya tsaya a kaina yana haki, ya ce da muryar da har zaure an ji:

"Ke, ciki gare ki?"

Ni 'yasu. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na gode mata. Ga surukina ya biyo shi har bakin ƙofa, ga ƙannen mijina, ga baƙi suna leƙe. Na ja mayafi na rufe fuska. Ya sake tambaya, ya ce ba shi da lokacin kunya, in ɗaga kai ko in girgiza. Na ɗaga.

Gwaggo ta taso kamar za ta cinye shi. Ta ce wane irin ɗan malamai ne wannan da zai shigo gidan mutane ya tona abin da Allah ya rufe, ya jawo wa yarinya baki, in wani abu ya sami cikin nan shi ne. Kawu bai ɗaga murya ba wannan karon. Ya tambaye ta sau nawa ta ba ni, da yaushe ne na ƙarshe. Sannan ya gaya mata a gaban kowa cewa ƙwayar da take ba ni 'yar'uwar allurar da ake matse mahaifa da ita ce bayan haihuwa, kuma murɗar da nake ji ba laulayi ba ne, mahaifar ce ke matsar abin da ke cikinta. Na ga fuskar Gwaggo ta sauya. Ta zauna a kan turmi. Ta fi shekara ba ta amsa gaisuwarsa.

Aka kai ni asibiti. Likita ya duba ya ce ba wani maganin da zai ciro wanda ya riga ya shiga, sai a daina, in kwanta, a jira. Washegari na ga ɗan jini. Ba zan iya kwatanta tsoron da na ji ba. Na kwanta ina jin kowane motsi na hanjina, ina tsoron tari, ina tsoron zagayawa bayan gida. Gwaggo ta tare a ɗakina, tana gasa mini yatsu da tsumma mai ɗumi, tana kuka ba sauti in ta zaci na yi barci. Ban taɓa jin haushinta ba, ko kaɗan. Ƙauna ce ta sa ta kwance haɓar zanin nan.

Kawu kuwa kullum da azahar sai ga kekensa. Bai ƙara shiga tsakar gida ba sai an yi masa iso. Yakan zauna a zaure yana yi wa surukina hirar gero da dawa, shi da bai san kan hatsi ba ko na anini, har surukin nawa ya huce ya fara ajiye masa fura. In an ba shi izini ya zo bakin ƙofata ya tsuguna, ya tambayi jini, ya tambayi murɗa, tambayoyin da ke sa Gwaggo ta juya wa bango fuska. Wata rana ya zo da karansa a aljihu, wai don ya ɗebe mini kewa. Ya nuna mini wani sabo da ya karanta labarinsa, ɗan gidan su mai gajeriyar jela, an ɗan ƙara masa jela an kuma soka gunduwa ɗaya a kan ƙaramin zoben, sai ƙarfinsa a kan mahaifa ya ragu ƙwarai, ya koma mai tsare gurbi, ana sa ran zai hana ɓarin kai tasowa. Ya ce amma sabo ne, ba a gama sanin halinsa ba, shi ba zai yi saurin yabonsa ba. Yana magana ina kallon hannunsa, sai na ga yana ta soka tsinken ya ƙi shiga, shi da bai taɓa kuskure ba. A ranar na san shi ma a tsorace yake, kuma yana ganin da bai ba da ƙwayar a tafi da ita gida ba da ba a kai nan ba.

Na ce, "Kawu, zai tsaya?"

Na so ya yi mini ƙarya, wallahi na so. Kowa a gidan yana ce mini ba komai, in sha Allahu ba komai. Ya daɗe yana duban karan.

"Ban sani ba, ɗiyata," ya ce. "Amma ina nan."

Abin mamaki, wannan ce maganar da ta sa na yi barci a ranar. Na san in ya ga alamar alheri zai faɗa, in ya faɗa kuma gaskiya ce.

Ranar bikin 'yancin kai gari ya kwashe kaf. Ina jin kiɗa daga nesa, yaran makaranta suna wucewa da 'yan tutoci suna waƙa, gidanmu ba kowa sai ni da Gwaggo. An gayyaci Kawu wurin taron tare da ma'aikata, an ce har kujera aka ajiye masa. Da azahar sai na ji ƙarar kekensa a zaure. Ya ce wai rana ta yi zafi a filin. Lokacin jinin ya ɗauke, amma watannin da ya kamata in ji motsi sun yi, ban ji ba. Ana ta murna a gari an samu ƙasa, ni kuwa hannuna na kan cikina ina roƙon Allah ko sau ɗaya abin nan ya shure ni. Bai motsa ba ranar, bai motsa ba washegari. Sai wata safiya ina shan kunu na ji kamar ɗan kifi ya juya. Na ƙwala wa Gwaggo kira. Da Kawu ya zo ba wadda ta iya gaya masa, sai Gwaggo, da ba ta yi masa magana, ta fuskanci bango ta ce a gaya wa mai keke abin ya motsa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

Na haifi mace lafiyayya a farkon bazara. Kamar yadda aka saba da ɗan fari, ban riƙe ta ba, da aka yaye ta Gwaggo aka ba. Ban taɓa kiran sunanta ba, sai dai in ce yarinyar nan, ita kuma ta tashi tana ce mini Yaya. Haka muka gada, kuma ban taɓa jin abin ya dame ni ba.

Tun daga wannan shekarar Kawu ya sauya yadda yake aiki. Duk macen da ta zo tagarsa, matar alƙali ce ko mai tallan nono, sai ya yi mata tambayar nan kafin ya miƙa irin waɗannan magunguna, kuma ya tambayi su wa ke gidan da za a iya sammawa. An kai ƙararsa wurin manya, an yi masa waƙar zambo a gidan biki, wasu mazan sun hana matansu zuwa ranar da yake aiki. Bai fasa ba. Da ya yi ritaya ya koma Gidan Dare, yara suka riƙa taruwa suna kallon karansa, har lokacin da aka tabbatar gurabun nan iri-iri ne ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, likitan da ya zo duba shi ma sai da ya sha tambayoyi.

Ranar addu'ar bakwai ɗakin ya cika da mata. 'Yar tawa, wadda aka kai ɗakinta bara, tana zaune a lungu kusa da Gwaggo. Na lura tun safe ba ta taɓa abinci ba, da aka shigo da tuwo da miyar kuka ta kau da kai ta toshe hanci da mayafi. Can na ga ta dafe gefen kai ɗaya ta runtse ido. Sai wata dattijuwa maƙwabciya, mai son mutane, ta matso tana kwance haɓar zaninta, tana cewa ga na ɓarin kai nan mai kyau da ɗanta ke saya mata, ta ƙara shan wani, ai na ɗazu ya sake ta.

Na ɗazu. Na duba ɗakin, kamar mai neman wanda zai shigo da keke. Surukarta tana nan, ƙannen mijinta mata suna nan, manyan unguwa suna nan. Uwa ba ta kula 'yar fari a gaban mutane, balle ta yi mata irin wannan zance. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kira sunanta, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi, har ita kanta ta waiwaya tana neman mai kiran.

"Ciki gare ki?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce ta ɗaga kai ko ta girgiza, ta ɗaga. Na karɓi takardar maganin daga hannun dattijuwar na karanta, shi ne, mai doguwar jela. Na tambayi yaushe ta fara sha, ta ce tun ranar rasuwar, kuka ne ya tayar mata da kan. Surukarta ta fara salati tana cewa wannan wane irin abu ne a gidan makoki. Sai muryar Gwaggo ta fito daga lungu.

"Ku ƙyale ta," ta ce. "Ashe bai tahi da bakinai ba."

Mun je asibiti a ranar. Likita ya ce abin da wancan likitan ya ce, a daina, ta kwanta, a jira. Ya ce yawanci ana tsira, amma ba zai yi mini alkawari ba. Na roƙi mijinta ya bar ta a wurina, ya bari. Ta ga ɗan jini sau ɗaya, ya ɗauke. Murɗar ta ragu. Motsi dai har yanzu shiru, ana ce mini lokacinsa bai yi ba, ni kuwa na san yadda jiran nan yake. Da azahar nakan ɗauko ɗaya daga karan Kawu da na taho da shi, mai zobba biyu da 'yar jela, in zauna bakin ƙofarta ina juya shi, in yi mata tambayoyin da ke sa mu duka biyu mu kau da kai.

Ya Allah, bawanka ya zo maka, ka fi mu sanin halinsa. Ya ɓata wa mutane rai don kada su yi kuka, ka yafe masa kaifin harshensa, ka yalwata masa kabari, ka sa ya amsa tambayar da za a yi masa a can da sauƙi, shi da ya sha tambayar bayinka.

Jiya ina zaune a wurin na ji ta kira ni. Ba ta ce Yaya ba.

"Inna, zai tsaya?"

Bakina ya buɗe zai ce in sha Allahu ba komai, kamar yadda kowa ke gaya mata. Na dubi karan da ke hannuna.

"Ban sani ba, ɗiyata," na ce. "Amma ina nan."